Darussan Lojban da Hausa: kundin aikin darasi na tara, a kan gungu da sassansa

2 ga Nuwamba, 2024

Darussa takwas na farko sun kammala, an karanta, an gyara, an ajiye. Yau muka buɗe na tara, wanda zai yi bayanin ƙananan kalmomin nan uku, lei da loi da lai, waɗanda ake sawa a gaban suna don a dunƙule abubuwa su zama gungu. Mu uku ne a kan aikin: ni mai rubutu, da wata malamar lissafi da ke koyarwa a sakandare a Bukur, da ƙanin matata mai karatun kwamfuta, wanda ke duba ko jimlolinmu sun bi nahawu. Ranar Asabar muke zama a gidana a Unguwar Rogo, cikin garin Jos.

Ga wanda ya tsinci kundin nan daga tsakiya: Lojban ƙirƙirarren harshe ne da aka gina nahawunsa a kan ilmin manɗiƙi. Tushensa Loglan ne, wanda James Cooke Brown ya fara a 1955, sannan a 1987 wata ƙungiya a Amurka mai suna Logical Language Group ta sake gina shi da sababbin kalmomi. Saiwoyin kalmominsa kusan 1,350 ne, an harhaɗo su daga Sinanci, Turanci, Hindi, Sifaniyanci, Rashanci da Larabci. Babban littafin nahawunsa shi ne The Complete Lojban Language na John Cowan, wanda ya fito a 1997, kuma babi na 6 ne muke ciki yanzu.

Babin ya ce hanya uku ake maganar abubuwa masu yawa. Littafin ya yi misali da masu ɗaukar fiyano, mu kuwa muka sa injin niƙa, domin shi muka saba ganin ana cicciɓa. Idan ka ce "le ci nanmu cu bevri le minji", kana nufin kowane ɗaya daga cikin mazan uku ya ɗauki injin. Idan ka ce "lei ci nanmu cu bevri le minji", ka dunƙule su sun zama gungu, tare suka ɗauka. Ta uku ita ce le'i, saiti irin na lissafi, wanda ba ya ɗaukar komai, ba shi da nauyi ko launi, mambobi kawai yake da su da adadi.

Har nan babu matsala. Matsalar tana cikin abin da ya biyo baya, inda littafin ya ce gungu yana da siffofin kowane ɗaya daga cikin waɗanda suka haɗa shi, ban da nasa na kansa. Idan ɗaya fari ne ɗaya baƙi, to gungun fari ne kuma baƙi ne. Marubucin bai ɓoye cewa wannan na haifar da abin da ya yi kama da saɓani ba, har ya yi togaciya cewa siffofin da suka dace ne kawai gungu ke gada, domin ba za a ce gungun mutum biyu ƙarami ne kamar ƙwayoyin da ido ba ya gani don kawai jikinsu ya ƙunshi irin waɗannan ƙwayoyi ba. Ba zan iya tsayawa gaban ɗalibi in ce masa "wanda ya dace" in yi shiru ba. Zai tambaye ni yadda ake gane wanda ya dace, kuma yana da gaskiya. Don haka kafin a rubuta layi ɗaya na darasin, sai mun san amsar tambayar nan: yaushe siffar ɓangare ke zama siffar abu gaba ɗayansa?

9 ga Nuwamba

Mun fara tara jimlolin gwaji. Na ɗauko yawancinsu daga kasuwar Farin Gada, saboda can kullum ana maganar kaya a dunƙule: kwandon tumatir, buhun dankali, ɗaurin albasa. Mai saye ya ga ruɓaɓɓe biyu a sama ya ce kwandon ya ruɓe, mai sayarwa ya ce a'a, biyu ne kawai. Gardamar da muke yi a kan takarda ke nan, su kuwa kuɗi ne a tsakani.

Malama ce ta kawo jimlar da ta fi kowace nauyi yau. Ta ce a ƙaddara buhu goma na dankalin Turawa, irin wanda ake kawowa daga Bokkos, kowanne kilo 50. Gungun buhunan kilo 500 ne, "lei pano dakli cu ki'ogra li munono". In kuwa gungu na gadon siffar kowane ɗayansu, to gungun kilo 50 ne kuma, "ki'ogra li muno". Abu ɗaya ba ya da nauyi biyu a kan sikeli ɗaya a lokaci ɗaya, sai dai in 50 daidai yake da 500.

Na ce mata ai littafin ya yi togaciya. Ta ce, "Malam, wace siffa ce ta fi nauyi dacewa da buhu? Don nauyinsa ake sayensa." Ba ni da amsa, kuma ina ganin babu ita. Togaciyar ta iya korar ƙwayoyin da ba a gani, amma ba ta iya korar nauyi ba, alhali nauyi ba ya gaduwa yadda aka faɗa. Tarawa ake yi.

16 ga Nuwamba

Yau mun daɗe a kan wani jadawali da ke can gaba a babin, inda aka jera adadin da kowace kalma ke ɗauke da shi a ɓoye idan mai magana bai faɗi adadi ba. Na le shi ne ro, wato duka, kowane ɗaya. Na lo, 'yar'uwar le da ita ma ake sawa a gaban suna, shi ne su'o, aƙalla ɗaya. Na lei da loi da lai kuwa shi ne pisu'o, aƙalla wani yanki na gungun.

Wannan ya canza fuskar maganar. Idan "lei tamca cu xunre" na nufin wani yanki na tumatirin ja ne, kuma "lei tamca cu crino" na nufin wani yanki kore ne, to dukansu gaskiya ne kuma ba su yi karo ba, domin yankin da ke ja daban, wanda ke kore daban. Ba a bukatar wata dokar gado ko kaɗan. Haka ma misalin da littafin ya bayar cewa gungun Ingilishi na zaune a Afirka: gaskiya ne saboda wasu daga cikinsu na zaune a nan, shi ke nan. Ashe abin da aka kira gado, a mafi yawan misalan, aikin pisu'o ne.

Sai dai maganin ya zo da nasa ciwon. Ƙanina ne ya gano shi. Ya ce, "Yaya, in haka ne, jimlar injin niƙa ta lalace. In mutum ɗaya ƙaƙƙarfa ya saɓa injin shi kaɗai, sauran biyun na zaune suna shan shayi, ai wani yanki na gungun ya ɗauka, jimlar ta zama gaskiya." Haka ne. Kalmar da aka kawo don ta nuna haɗin gwiwa ta koma ba ta tabbatar da shi. Mai son ya ce duk ukun ne suka haɗu sai ya ƙara piro, dukan gungun: "piro lei ci nanmu cu bevri le minji".

Da an sa piro kuwa, tambayar gado ta dawo tsirara. Shin "piro lei tamca cu xunre" gaskiya ce idan tumatir ɗaya ne kawai ja a kwandon? In aka ce e, Malama ta nuna inda za a faɗa: rashin zama ja shi ma siffa ce, ɗanyen tumatir na da ita, gungu zai gaje ta, sai a sami abu ɗaya ja ne kuma ba ja ba ne. A manɗiƙin da Lojban ke jingina da shi, duk wanda ya yarda da magana da kishiyarta a lokaci guda ya buɗe ƙofar da kowace magana za ta shigo a matsayin gaskiya. In kuwa aka ce a'a, to babu gado. Ni dai ina ɓangaren a'a.

30 ga Nuwamba

Ƙanina ya bi da jimlolin gwajin ta cikin camxes, manhajar da ke tantance nahawun Lojban. Duk sun wuce, har da wadda ke cewa buhu goma kilo 50 ne. Haka ya kamata, tunda aikinta ta faɗi yadda jimla ke rarrabuwa, ba ta faɗi ko gaskiya ce ba. Idan aka ce Lojban ba shi da harshen damo, ginin jimla ake nufi. Ma'ana tana nan a hannun mutane. Za mu rubuta wannan ƙarara a gabatarwar darasin.

Sanyi ya sauko sosai, zaman ya koma ɗaki.

7 ga Disamba

Na je Gangare gaida wani dattijon malami da na yi karatun Ahalari a zaurensa ina yaro. Bayan gaisuwa ya tambayi abin da nake ciki, na yi masa bayani a taƙaice, na ce, "Allah gafarta Malam, idan mutum uku suka haɗu suka ɗauki kaya aka ce sun ɗauka, a kan wa hukuncin yake?"

Bai yi jinkiri ba. Ya ce wannan ai kullu ne, ba kulliyya ba. Ya sa aka ɗauko masa Sullam, waƙar manɗiƙi ta Abdurrahman al-Akhdari, shi dai malamin ƙasar Aljeriya da ya rubuta Ahalarin da muke karantawa a fiƙihu. Ya yi ta a shekara ta 941 bayan Hijira, yana da shekara 21. A cikinta akwai ɗan fasali da ya raba abu huɗu. Kullu shi ne hukunci a kan jama'a a dunƙule. Kulliyya hukunci ne a kan kowane ɗaya ɗaya. Juz'iyya hukunci ne a kan wasu. Juz'u kuwa shi ne ɓangaren da ake haɗawa a sami kullu. Misalin da masu sharhi suka saba bayarwa na kullu shi ne a ce Banu Tamim na ɗaukar ƙaton dutse: a haɗe suke ɗauka, ba kowane mutum a cikinsu ba.

Na dawo gida da dare na jera su gefen kalmomin Lojban. Kulliyya ita ce ro. Juz'iyya ita ce su'o. Juz'u shi ne pagbu. Kullu shi ne abin da aka so lei da loi su zama. Daga nan na ga tushen ruɗanin da muke fama da shi tun farkon Nuwamba: bayanin 1997 ya ɗora wa kalma ɗaya aiki biyu, ta zama kullu a misalin masu ɗaukar kaya, ta zama juz'iyya a misalin Ingilishi a Afirka. Dokar gado ita ce aka shimfiɗa don a rufe tazarar da ke tsakanin ayyukan biyu. Akhdari ya raba su, kuma bai ce kullu na gadon hukuncin juz'u ba. Abin ya faranta mini rai ƙwarai, domin yana nufin da yawa daga cikin masu karanta darussanmu sun riga sun san rabin darasin daga zaure, kafin su taɓa jin sunan Lojban.

14 ga Disamba

Na koma wurin Malam da tambaya ta biyu: in ba kalmar gungu ce ke yanke hukunci ba, me ke yankewa? Sai ya kai ni babin zakkar dabbobi, mas'alar masu haɗa garke.

Nisabin tumaki da awaki 40 ne, kuma daga 40 zuwa 120 dabba ɗaya ake fitarwa. Idan mutum uku kowanne na da 40, a rarrabe dabba uku za su fitar. Idan suka haɗa garke da sharuɗɗansa, kamar makiyayi ɗaya da mashaya ɗaya da makwanci ɗaya, ana duban 120 ɗin a dunƙule, dabba ɗaya ce a kansu su raba. A nan lissafin gungu ya rinjayi na ɗaiɗaiku. Amma idan mutum biyu ne kowanne da 20, garken ya kai 40, a mazhabar Malikiyya babu zakka, domin sharaɗi ne kowannensu ya mallaki nisabi da kansa. A Shafi'iyya kuwa akwai, garken ake duba.

Garke ɗaya, dabbobi iri ɗaya, adadi ɗaya, amma amsa biyu. Babu wanda zai ce a warware saɓanin ta hanyar zurfafa bincike a kan kalmar garke. Abin da ake tambaya a kansa, wato wajabcin zakka, shi ke zuwa da ƙa'idarsa ta yadda zai bi tsakanin mai dabba da garke. Ina ganin haka yake a kowace siffa. A harshen Lojban, selbri ce ke yanke hukunci, wato kalmar da ke ɗauke da siffar ko aikin, ba lei ko loi da ke gaban suna ba. Na rubuta wannan a saman shafin darasin a matsayin abin da za mu gwada mu gani ko zai tsaya.

28 ga Disamba

Malama ta tafi hutun Kirsimeti wurin danginta a Pankshin, don haka mu biyu muka zauna, muka karanta gyaran da aka yi wa ma'anar lo da danginta, wanda ake kira xorlo. Jorge Llambías, ɗan Ajantina, shi ya kawo shawarar, kwamitin harshen da ake kira BPFK ya yi aiki a kai, kuma aka amince da shi a hukumance a 2007. Littafin da ke hannunmu tsohon bayani yake ɗauke da shi, shi ya sa mai koyo ke iya karanta abu ɗaya a littafi ya ga wani daban a rubuce-rubucen masu amfani da harshen yanzu.

Abu biyu xorlo ya yi da suka shafe mu. Ya cire ɓoyayyun adadin nan gaba ɗaya, babu ro, babu su'o, babu pisu'o sai mai magana ya furta. Don haka "lo ci nanmu cu bevri lo minji" tana cewa maza uku sun ɗauki inji, ba ta ce tare ba, ba ta ce ɗaya bayan ɗaya ba. Na biyu, ya fassara "loi broda" da "lo gunma be lo broda", wato wani abu guda da waɗancan suka haɗu suka zama shi, kamar ƙungiya ko tawaga (broda kalmar cike gurbi ce, kamar a ce "kaza"). Wannan abu gudan siffofinsa nasa ne. Kwamiti ba mutum ba ne, ko da duk mambobinsa mutane ne. Zuri'ar da ta zo Jos tun zamanin haƙar kuza ta haura shekara ɗari a garin, alhali babu mai shekara ɗari a gidan.

Wannan tunani yana tafiya da abin da masana manɗiƙi suka yi a kan jam'i: George Boolos a 1984 ya nuna za a iya magana a kan abubuwa da yawa kai tsaye ba sai an fara mayar da su saiti ba, Thomas McKay kuma ya faɗaɗa batun a littafinsa na 2006. Jimlar da muka gwada ita ce "lo verba cu sruri lo karce gi'e cmila", yara sun kewaye mota suna dariya. Kewayewa a haɗe ake yi, yaro ɗaya ba ya kewaye mota. Dariya kowa tasa yake yi. A tsohon tsari, in ka zaɓi le ka ce kowane yaro ya kewaye motar, in ka zaɓi lei ka mayar da dariyar ta gungu. A sabon tsari yaran dai su ne yaran, kowace selbri ta ɗauke su yadda ta saba.

Haka Hausa ke yi tun asali. "Sun ɗauki injin" ba ta faɗi yadda suka ɗauka ba, sai an ga bukata a ƙara "tare" ko "kowannensu" ko "wasu daga cikinsu". Wannan zai sauƙaƙa mana koyarwa sosai.

11 ga Janairu, 2025

Ban yi niyyar saka wannan a kundin aiki ba, amma ya shigo cikin zaman yau kuma ya canza tsarin darasin, don haka dole a rubuta.

Muna duba jimlolin da suka shafi mutane, ƙanina ya rubuta wata da loi a gaban sunan al'umma, selbri ɗinta kuma catra, kisa. Ya ce a tsohon bayani jimlar gaskiya ce muddin mutum ɗaya daga cikin al'ummar ya taɓa aikatawa. Muka yi shiru. Duk wanda ya zauna a garin nan a Satumbar 2001, ko Nuwambar 2008, ko Janairun 2010, ya san wannan jimlar da Hausa da sauran harsunan Filato. "'Yan kaza sun ƙone unguwa kaza." Wasu mutane ƙididdigaggu ne suka yi, aka ɗora wa kowa, aka je aka rama a kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Malama daga wancan ɓangaren garin take, ni daga wannan, kuma kowannenmu ya san gidajen da wannan ginin jimla ya ci. Har yau akwai unguwannin da mutum ke tunani kafin ya shiga.

A adalci, mai bin tsohon littafi zai ce jimlar ba ta yi ƙarya ba, tunda wani yanki kawai take nufi. Amma yankin a ɓoye yake, sunan al'ummar ne a fili, kuma kunne abin da ke fili yake kamawa. Dokar gado kuwa ta fi haka muni, domin ita kai tsaye take cewa abin da ɓangare ya yi, gungu ya yi. Ba na son in koya wa yaron Jos cewa harshen da aka gina a kan manɗiƙi ya sa hannu a kan wannan.

Xorlo ma bai rufe ƙofar duka ba. "lo" maras adadi tana barin mai ji ya cike gurbin da abin da ke ransa. Abin da muka yanke shi ne a ba wa kalmomin adadi fili babba a darasin, a sa ɗalibi ya saba furta su idan yana maganar mutane: su'o aƙalla ɗaya, so'u kaɗan, so'o wasu, so'i da yawa, so'e mafi yawa, so'a kusan duka, ro duka. A sabon tsari, adadin da aka sa a gaban lo ɗaiɗai yake ƙirgawa, don haka "so'u lo prenu" mutane kaɗan ne, kowannensu da abin da ya aikata. Malama za ta rubuta atisayen da za a ba ɗalibi kanun labari irin na jarida a ce ya mayar da shi Lojban, kuma ba za a karɓa ba sai ya zaɓi adadi ya kuma faɗi dalilinsa.

25 ga Janairu

Jadawalin selbri ya fara kama jiki. Mun ɗauki kowace kalma daga jimlolin gwajin muna tambaya: in ɓangare na da wannan siffar, me za a ce game da duka?

Mafi sauƙi su ne masu taruwa, nauyi da tsawon jeri da yawan lita. Sai waɗanda ba sa hawa sai kowane ɓangare na da su, kamar blabi, fari, ko tinci, zama kuza: tulin da rabinsa yashi ne ba kuza ba ne, kuza ce da yashi. Akwai waɗanda ɓangare ɗaya ya isa, kamar pencu, taɓawa. In gefen buhu ya taɓa bango, buhun ya taɓa bango. Ina zaton daga irin waɗannan ne tunanin gado ya samo asali, aka ga ya yi aiki a nan aka ɗauka ko'ina zai yi. Akwai na gungu kaɗai, sruri da jmaji, kewayewa da taruwa. Akwai kuma waɗanda ba sa hawa ko da kowa na da su: kowane bulo ƙarami ne, katangar ba ƙarama ba ce.

Wurin da muka fi daɗewa shi ne djacu, ruwa. Ruwa da ruwa in an haɗa ruwa ne, mutum da mutum in an haɗa ba mutum ba ne. W. V. Quine ya yi magana a kan wannan hali na kalmomi irin su ruwa a 1960, Godehard Link kuma a 1983 ya nuna jam'i ma haka yake: dawaki da dawaki dawaki ne. Wannan ya nuna mana cewa tsohon bayani ya zuba abu uku a tukunya ɗaya, kayan da ba a ƙirgawa kamar ruwa da man shanu, da tawagar da ke aiki tare, da magana a kan jinsi baki ɗaya kamar a ce zakuna na zaune a Afirka. A kan ruwa dokar gado kusan tana aiki, ka ɗebi cokali ka ji sanyi ka ce ruwan randar na da sanyi. A kan tawaga ba ta aiki. A darasinmu za a raba su uku, kuma ruwa zai tafi da lo kawai, "lo djacu cu lenku".

Fusra, ruɓewa, ta ƙi zama a layi ɗaya. Tumatir biyu a kwando ba su sa kwando ya ruɓe ba, amma a tukunyar miya ruɓaɓɓe ɗaya ya isa. Mun bar ta da alama, da bayanin cewa akwai siffofin da iyakarsu mutane ke sawa gwargwadon abin da za a yi da kayan. Ina ganin gara ɗalibi ya ga irin wannan layin a jadawali da ya ɗauka komai a yanke yake.

15 ga Fabrairu

Malama ta gwada daftarin da wasu ɗalibanta na ajin ƙarshe bayan an tashi makaranta. Sashen kullu da kulliyya ya shiga da sauri, har ga waɗanda ba su yi karatun zaure ba, da zarar an ba su misalin dutsen. Sashen buhunan dankali ma haka. Inda suka tsaya shi ne wata tambaya da wata yarinya ta yi: in mutum biyu ne suka riƙe injin, na uku yana gaba yana buɗe ƙofa yana cewa a yi dama a yi hagu, shin ukun ne suka ɗauka?

Amsar da muka rubuta ita ce "ro lo ci nanmu cu bevri" ƙarya ce, tunda na ukun bai ɗauka ba. "loi ci nanmu cu bevri" kuwa gaskiya ce, domin tawagar ce ta kai injin ciki, kuma buɗe ƙofa na cikin aikin tawagar. Wanda ke zaune yana shan shayi ba ya ciki, sai dai in an riga an san shi ɗan tawagar ne ta wata hanya, kamar a ce tare aka ɗauke su aikin kuma tare za a biya su. Wannan ya nuna siffa ba ta sauka daga gungu zuwa kowane ɗaya, kamar yadda ba ta hawa. Tambayar ta shiga darasin a matsayin atisaye na ƙarshe.

Tsarin da muka tsayar: a fara da lo maras adadi, sai kalmomin adadi, sai loi a matsayin gunma, sai jadawalin selbri. Tsohon bayani na 1997, da pisu'o da dokar gado, zai zo a ƙarshe cikin akwati daban, don wanda zai karanta tsofaffin rubuce-rubuce ya gane abin da marubutansu ke nufi, tare da faɗin cewa ba shi muke bi ba da kuma dalili.

Layi ɗaya ya rage a jadawalin, jdima, farashi. Mun sa shi cikin masu taruwa, amma kuɗin kwando a sari bai kai jimillar kuɗin kashi-kashin da za a kasa daga cikinsa ba, don haka ba wurinsa ke nan ba. Ƙanina zai rubuta jimloli biyu a kai, ɗaya ta sari ɗaya ta kashi, mu duba ranar Asabar. Kalmomin haɗi, joi da ce da jo'u, sun koma darasi na goma, wanda za a fara bayan azumi in Allah ya kai mu.